MARIGAYI ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA: ƊAN FATAKEN DA AKA HAIFA A ZANGO

 A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wani bawan Allah wanda kusan duk Bahaushen da ke zaune a Abuja ya san sunansa, ko da kuwa bai taɓa taka Kano ba. Wanda bai ga sunan a jikin manyan motocin aikin hanya na kamfanin Dantata & Sawoe ba, to ya ji shi a bakin tsofaffi idan ana zancen dalar gyaɗa, ko kuma idan ana faɗin asalin Alhaji Aliko Ɗangote. Amma da za a tsaya a kasuwar Wuse ko ta Dei-Dei a tambayi mutum goma wace ce Tatar da ake danganta shi da ita, da ƙyar a sami ɗaya da zai ba da amsa. Da yawa ma sun ɗauka Tata sunan mahaifinsa ne. Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu bi salsalar gidan tun daga tushe, domin a cikinta akwai abin da ya shafe mu, mu da neman abinci ya raba da garuruwan iyayenmu.

ASALIN GIDAN

Alhassan Ɗantata Ba'agale ne. Agalawa kuwa jama'a ce ta fatake wadda asalinta ke komawa arewa, wajen ƙasar Azbin, inda kakanninsu suka zauna cikin Buzaye. Daga can suka riƙa gangarowa ƙasar Katsina da ta Kano, suka zauna a ƙauyuka suna noma da damina, da rani kuma su ɗaura wa jakuna kaya su kama hanya. A hankali harshensu ya koma Hausa, suka zama Hausawa sosai, amma suka riƙe sunan asalinsu da tsagarsu ta fuska, suna kuma yawan aure a tsakaninsu. A ƙarni na 19 gidaje uku ne suka fi riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wato Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari.

Kada mai karatu ya ɗauka riƙon asalin nan alfahari ne kawai. A wancan zamani babu banki, babu takardar yarjejeniya, babu waya. Idan falke ya sauka a baƙon gari ya faɗi gidan da ya fito, aka ga tsagarsa, to ya sami masauki, ya sami wanda zai tsaya masa, har a ba shi kaya bashi sai baɗi. Idan kuwa ya ci amana, ba shi kaɗai ya ɓata ba, ya rufe wa danginsa ƙofa ke nan. Ashe ke nan asali jari ne, har ya kan fi wurin da ke cikin buhu amfani.

Silsilar da aka riƙe ta gidan Ɗantata ta fara ne daga wani mutum mai suna Ali a ƙasar Katsina. Ali ya haifi Baba Talatin, wanda shi ne ya kwaso iyalin bayan rasuwar mahaifinsa ya dawo da su Madobi, kudu da birnin Kano. Baba Talatin attajiri ne a zamaninsa. Shi ya haifi Abdullahi, wanda ya gaji sana'ar har ya zama madugu, wato shugaban ayari. Matar Madugu Abdullahi, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta, ba zaman jiran miji take yi ba. To waɗannan su ne iyayen Alhassan. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

HAIHUWA A KAN HANYA

A shekarar 1877 Madugu Abdullahi ya tashi da ayarinsa daga Madobi za shi Gwanja, matarsa na tare da shi. Da suka yada zango a Bebeji sai haihuwa ta zo mata, aka sami ɗa namiji aka raɗa masa suna Alhassan. Bebeji gari ne da ke kan hanyar fatake mai fita daga Kano zuwa kudu da yamma, kuma matattarar ayari ce. Da madugun ya dawo daga wannan tafiya sai ya bar Madobi ya tare a Bebeji gaba ɗaya. Mai karatu ya lura: cikin zuriya uku kacal gidan ya tashi daga ƙasar Katsina zuwa Madobi, daga Madobi zuwa Bebeji. Shi kuma yaron da aka haifa a zango, birnin Kano zai ƙare.

Alhassan yana ƙaramin yaro Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Dukiyar madugu ta shiga rabon gado tsakanin magada masu yawa, kuma 'ya'yan ba su kai munzalin juya ta ba. Ita kuma Amarya sai ta koma Akra, wadda fatakenmu ke kira Ankara, can bakin teku a ƙasar da yau ake kira Ghana, inda ta ci gaba da kasuwancinta. Yaran ta bar su a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, mai suna Tata.

Wannan tsohuwa ita ta ci kashinsu da fitsarinsu, ita ta kai Alhassan makarantar allo, ita ta tsaya a kan tarbiyyarsa. Saboda kullum ana ganin yaron a gindinta, sai mutanen gari suka riƙa ce masa ɗan Tata. Sunan ya bi shi har ya danne na mahaifinsa madugu, ya danne na kakansa attajiri. A cikin abin da zuriyar ke tunawa har da asusun da yake tara 'yan wurinsa a ciki tun yana yaro, yana karatu yana 'yan saye-saye da sayarwa irin na almajirai don ya rufa wa kansa asiri. Ikon Allah ke nan. Matar da ba ta mallaki ko kanta ba, yau sunanta ne a jikin kamfanoni da tituna da makarantu.

TAFIYAR FARKO ZUWA GWANJA

Yana da kimanin shekara 15 ya bi ayarin fatake don ya je ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, sauran ya ƙarasa da su Akra.

Ya kamata 'yan baya su san irin wannan tafiya, domin ba hawa mota ba ce daga Zuba zuwa Kano. Ayari kan ƙunshi ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da alfadarai da takarkarai. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya, kuma akwai malamin ayari mai ja musu salla da rubuta lissafi. Kayan da ake ɗauka daga nan su ne kanwa, da baƙin yadi da turkuɗi na marinar Kano, da kayan dukanci, da gabu, wato busasshen lawashin albasa, da dabbobi. Hanya ta kan bi ta Yawuri ko Busa a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Borgu, a wuce Jugu da Sansanin Mango da Yandi, kafin a isa Salaga, babbar kasuwar Gwanja. A kowace ƙasa sai an biya kuɗin fito da na wucewa, ga 'yan fashi, ga ciwo. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. A dawowa kuma ga wahalar goro, don goro ɗan lele ne: sai an naɗe shi da ganye, ana kwancewa ana yayyafa ruwa ana tsince mai ƙwari, in ba haka ba huhu guda ya lalace.

Lokacin da Alhassan ya fara wannan hanya, ita kanta hanyar tana canzawa. Tun da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 ƙarfin Asante a kan kasuwar Salaga ya ragu, sannan yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya watsa fataken da ke can. Hausawa suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da bakin teku. Shi ya sa ya tarar da mahaifiyarsa a Akra cikin jama'ar Hausawa mazauna zango, irin zaman da muke yi a nan yau.

Wanda ya yi zaton uwa mai dukiya za ta shimfiɗa masa tabarma ya huta, to bai san tarbiyyar mutanen da ba. Amarya ta ɗauke shi ta kai shi wurin wani malami, ya zauna yana karatu yana yi wa malam hidima yana neman na kansa, har lokacin da ya komo Bebeji.

BASASAR KANO

Bai daɗe da dawowa ba ƙasar Kano ta kama da wuta. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan marigayi Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi ba su yarda ba, suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu, aka shiga yaƙin da ake kira Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Da Yusufu ya rasu ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga birnin Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895.

Agalawa da yawa sun kasance a ɓangaren Tukur, saboda haka da Yusufawa suka yi galaba abin ya shafe su. An auka wa Bebeji, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa. Cikin waɗanda aka kama har da Alhassan da 'yan uwansa Bala da Sidi. Sai da aka biya fansa kafin ya kuɓuta. Wato saurayin da bai cika shekara 20 ba ya riga ya ɗanɗani maraici, ya ɗanɗani rabuwa da uwa, ya ɗanɗani kamu. Duk mai ganin dukiyar gidan Ɗantata a yau yana cewa ai gado ne, to ya tuna da wannan. Abin da ya gada na haƙiƙa shi ne sanin hanya, da sunan gida mai kyau, da mutanen da suka san ubansa.

GORO TA JIRGIN RUWA

Da ƙura ta lafa ya koma fataucinsa na goro. A nan ne basirarsa ta fara fitowa. Turawa sun ci Kano a 1903, kuma a wannan shekarar ce layin dogo daga Sakondi ya isa Kumasi. Jiragen ruwa masu tururi suna zirga-zirga tsakanin tashoshin bakin teku zuwa Ikko. Alhassan ya duba ya ga goron da ke shafe watanni a bayan jaki zai iya zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki ta ruwa. Sai ya riƙa sayen goro a Kumasi da kewaye, ya sauko da shi Sakondi ko Akra, ya ɗora a jirgi zuwa Ikko, daga nan a yi arewa da shi. Yana cikin fataken Kano na farko da suka buɗe wannan hanya. Daga wajen 1906 kuma ya faɗaɗa, ya shiga sayen duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa yana kawowa Kano.

Mu 'yan kasuwa mun san abin da wannan ke nufi. Kuɗin da a da ake juya su sau ɗaya a shekara, yanzu ana juya su sau da yawa, asarar ruɓewar kaya kuma ta ragu. Waɗanda suka nace wa tsohuwar hanya don ita suka gada, sannu a hankali kasuwa ta bar su a baya. Shi bai raina sana'ar iyayensa ba, hanyar kawai ya sake.

A wannan tsakani ne ya tare a birnin Kano, ya gina gidansa a unguwar Sarari, kusa da Koki, wurin da a lokacin fili ne ba gidaje sosai.

ZAMANIN GYAƊA

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ta Baro da Minna da Zariya, aka buɗe shi don ɗaukar kaya a 1912. Abin da Turawa suka sa rai a kai shi ne auduga, don masaƙun ƙasarsu. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin, ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ya saba da nomanta, kuma in kasuwa ta ƙi ko yunwa ta zo, ana iya cin ta, auduga kuwa ba a ci. A Turai kuma ana neman man gyaɗa ruwa a jallo don yin man shafa wa burodi da sabulu. Kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin harshen manomi, ba su san wa za a ba bashi ya dawo da shi ba. Waɗanda suka san wannan su ne tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata. A 1918 kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Yadda abin ke tafiya shi ne, kamfani ya ba shi kuɗi, shi kuma ya rarraba wa yaransa da wakilansa a garuruwa da ƙauyuka, su kuma su bi manoma da 'yan baranda, wani lokaci tun kafin kaka a ba manomi kuɗi ko gishiri ko yadi. Idan an cire gyaɗa aka ɓare, sai a auna a sikeli, a ɗura a buhu, jakuna da raƙuma su kawo bakin tasha, daga baya kuma motoci suka shigo. Duk wannan sarƙa a kan amana take tsaye, kuma mafi yawan waɗanda ke riƙe da ita dangi ne da yaran gida da 'ya'yan abokan fataucin mahaifinsa. Asalin nan dai da muka faɗa tun farko, shi ya sake yin aiki.

Zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya cikin attajiran Kano. Da aka haɗe kamfanin Neja da wani kamfanin aka kafa U.A.C. a 1929, shi ne babban mai saya musu gyaɗa. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na wannan shekara ta 1929, lokacin da ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 bankin Turawa na Kano, bankin da a yau ake kira First Bank. A lokacin attajirai da yawa a tukunya suke binne kuɗi. Haka kuma ana danganta masa fara jera buhunan gyaɗa tsibi-tsibi kafin jirgi ya kwashe, abin da aka sani da dalar gyaɗa, wadda guda ɗaya kan ɗauki buhu kimanin 15,000.

Ba a ce hanyar ta miƙe ba gargada. Farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930 saboda karyewar kasuwar duniya, 'yan kasuwa da yawa suka durƙushe. Ga gasar Kwarori da Larabawan Turabulus waɗanda su ma suka shiga sayen gyaɗa. Abin da ya taimake shi shi ne bai zuba ƙwansa a kwando ɗaya ba: yana gyaɗa, yana goro, yana shanu, yana yadi da kayan ado. Daɗin daɗawa, tsarin mulkin mallaka ya fifita kamfanonin Turawa, ɗan ƙasa sai dai ya zama ɗan tsakiya. Sai a farkon shekarun 1950, bayan an kafa hukumar cinikin gyaɗa, ya sami lasisin saya wa hukuma kai tsaye da sunan kansa, ba ta hannun wani kamfani ba. Ya shafe fiye da shekara 30 a cikin sana'ar kafin wannan ƙofa ta buɗe.

HALINSA DA ƘARSHEN RAYUWARSA

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa mutum ne mai tsimi da tanadi, marar son almubazzaranci, mai bin lissafinsa da kansa. Ya sauke farali ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, lokacin da mafi yawan alhazanmu a ƙasa suke tafiya ta Sudan suna shekaru a hanya, kuma ya biya wa mutane da dama kujerar Makka. Ya kafa makaranta a gidansa inda 'ya'yansa suka yi karatu. Ya zauna da sarakunan Kano tun daga Abbas da Usman da Abdullahi Bayero har zuwa Muhammadu Sanusi, kuma a ƙarshen rayuwarsa yana cikin masu ba da shawara a majalisar Sarki ta fuskar kasuwanci. Yana kuma cikin attajiran da suka haɗa jari wajen 1950 suka kafa kamfanin 'yan ƙasa na Kano don buɗe masaƙa, domin kada a tsaya ga saye da sayarwa kawai.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa, ciki har da mai kula da kuɗinsa Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata & Sons ya watse, su kuma riƙe zumunci da taimakon na ƙasa da su. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, yana da shekara 78, aka binne shi a gidansa na Sarari. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.

Cikin 'ya'yansa da suka yi suna akwai Ahmadu, wanda ya riƙe kamfanin bayan mahaifinsu har ya rasu a 1960, da Sanusi, wanda ya rasu a 1997, da Mamuda, da Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya karɓi ragamar kamfanin bayan Ahmadu, ya rasu ranar 28 ga Yuni, 2025, aka binne shi a Madina. Alhaji Sanusi shi ya haifi Hajiya Mariya, mahaifiyar Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957. Wato Aliko tattaɓa-kunnen Alhassan ne ta wajen uwa. In mai karatu ya ƙirga daga Ali na ƙasar Katsina, zuwa Baba Talatin, Abdullahi, Alhassan, Sanusi, Mariya, Aliko, zai sami zuriya bakwai a jere, kowa da sunansa.

TA YAYA AKA SAN DUK WANNAN?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata mu tsaya a kanta. A ƙasarmu sarakuna suna da maroƙa da mawaƙa masu riƙe musu jerin kakanni, malamai suna da silsilar karatu a rubuce. Ɗan kasuwa fa? Galibi in ya mutu aka raba gado, aka rufe rumfa, shi ke nan. A Amurka mai neman tarihin kakansa mai kanti yakan je ya buɗe littafin ƙidayar jama'a, wadda suke yi duk shekara 10 tun daga 1790, ya duba takardun wasiyya da na sayen fili da tsohon littafin bashi na kantin. Mu namu littafin a ƙirjin tsofaffi yake.

Tarihin Agalawa da na gidan Ɗantata ya tsira ne saboda an je an zauna da tsofaffin tun suna raye. Wani masani mai suna Paul Lovejoy ya zagaya Kano da ƙauyukanta wajen 1969 zuwa 1970 yana hira da tsofaffin fataken goro, ya fitar da littafi a kansu a 1980. Wani kuma, Jan Hogendorn, ya bi tarihin cinikin gyaɗa, littafinsa ya fito a 1978. Malaman tarihi na Jami'ar Bayero da ɗalibansu su ma sun bi gidajen attajiran Kano suna tambaya suna rubutawa. An haɗa abin da baki ya faɗa da takardun da ke ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa. Da an yi jinkirin shekara 20, da yawancin waɗanda suka taka hanyar Gwanja da ƙafarsu sun riga mu gidan gaskiya, da sunan Baba Talatin da na Tata sun bi su.

To mu fa? An yanke shawarar kafa wannan birni a 1976, gwamnati ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. Waɗanda suka fara zuwa da tireda da shayi da yankan farce da sayar da goro, tun ana kwana a rumfa, yau sun zama kakanni, wasu sun rasu. 'Ya'yanmu da aka haifa a Karu da Nyanya da Gwagwa da Kubwa da Zuba, da yawansu in ka tambaye su sunan kakan babansu sai su yi shiru. Wasu garin ma sai da salla suke jin sunansa. Ranar da abin ke fitowa fili ita ce ranar da yaro ya tashi neman takardar shaidar ƙaramar hukuma don shiga makaranta ko aikin soja ko ɗan sanda. Sai ya je garin da aka ce nasu ne, mai unguwa ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya rasa abin faɗa. Haka nan idan rabon gado ya taso, ko gonar kaka, ko neman aure. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Maganin abin ba shi da tsada. Littafin rubutu guda ya isa, da boko ko da ajami. Kowane magidanci ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da kakanninsa iyakar inda ya sani, ta wajen uba da ta wajen uwa, kada a manta da mata, domin mun ga yadda Amarya da Tata da Mariya suka riƙe wannan tarihi. A rubuta gari da unguwa, da sana'ar gidan, da irin tsagar gidan ko da an daina yi, da garuruwan da aka zauna kafin a zo nan, da shekarar da aka zo, da wanda ya sauke mu. Idan tsoho bai san shekara ba, a tambaye shi abin da ya faru a lokacin, kamar komawa tuƙin hannun dama a 1972, ko canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, sai a gane lissafin. In an je gida da salla, a zauna da gwaggo ko kawu a ɗauki muryarsu a waya. Sannan a yi kwafi a ajiye ɗaya a can gida, don mun sha ganin yadda gobarar kasuwa da rusau ke cinye takardun mutane a dare ɗaya. Tsohon littafin bashi na rumfa ma kada a yar, wata rana jika zai nema.

Alhassan Ɗantata a zango aka haife shi, uwarsa a zangon Akra ta zauna, arzikinsa a kan hanya ya same shi. Zaman baƙunci bai hana shi zama abin da ya zama ba, domin duk inda ya sauka an san ɗan gidan wa ne. Wannan shi ne abin da ya kamata mu bar wa 'ya'yanmu ko da ba mu bar musu raƙumi ko ɗaya na azurfa ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya jiƙan Tata da irinta waɗanda suka yi reno ba a rubuta sunansu ba, Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya haɗa kan zuriyarmu. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.